Ina son kafa babban dandamalin katako a bayan gida, wanda zai ɗauki taron mutum hamsin. Ta ina zan fara?

Baban Sadiq, Brooklyn Park:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina neman shawarar duk wanda ya taɓa yin irin wannan aiki da hannunsa, ko masu ilimin gini a cikinmu.

Ina zaune a Brooklyn Park, arewa da Miniyapolis, a jihar Minesota. Gidan irin mai rabin bene ne, wanda da ka shigo ƙofa za ka tarar da matakala biyu, ɗaya ta yi sama ɗaya ta yi ƙasa. Ginin shekarun 1980 ne. Kicin yana sama, yana da ƙofar gilashi mai turawa da ke fita baya, kuma daga bakin ƙofar zuwa ƙasa ƙafa biyar ne cif. Abin da ke wurin yanzu ɗan ƙaramin dandamali ne, ƙafa 6 da 8, wanda mai gidan na farko ya kafa. Kujera biyu sun cika shi. Katakon ya koɗe ya tsattsage, makarin kuma girgiza yake yi in yaro ya jingina, shi ya sa na hana yara fita kai.

Niyyata in rushe shi in yi babba: ƙafa 28 a tsawon jikin gida, ƙafa 16 fitowa cikin fili. Na san wasu za su ce ya yi girma, to ga dalilina. Duk wanda ke nan ya san daga Nuwamba zuwa Afrilu a kulle muke a ɗaki. 'Yan watannin ɗumin da Allah ya ba mu ina so iyalina su yi su a waje, su sha iska. Bayan haka, gidanmu ya zama wurin da 'yan'uwa ke taruwa, ranar sallah, ranar suna, ko in an yi rashi a gida ana karɓar gaisuwa. Falo ba ya ɗaukar kowa. Mata su cika ciki, maza a tura su gareji, dattawa masu furfura suna zaune tsakanin tayoyin hunturu da injin share dusar ƙanƙara. Wallahi abin yana damuna, ba haka aka koya mana karɓar baƙi ba.

Ga shi in Allah ya kai mu watan Satumba Sadiq zai yi sauka. Burina a yi walimar a gida, a shimfiɗa darduma a kan dandamalin, malamansa su zauna, yaron ya yi karatunsa a gabansu. Ina sa ran maza kaɗai za su kai hamsin. Sannan Hajiyarmu tana zuwa ta yi mana damina, gwiwa na damunta, hawa da sauka wahala ne a wurinta. Ina so ta tura ƙofar kicin kawai ta samu wurin zama a sarari.

Na kira ɗan kwangila ya zo ya auna, kuɗin da ya yanka ya ninka abin da na ware. Ban ga laifinsa ba, aikin hannu a ƙasar nan haka farashinsa yake. Sai dai ni ma ba baƙon guduma ba ne. Aikina gyaran injuna a masana'anta, na saba da awo, kuma ni na sa daɓen katako na ɗakunan ƙasa. Ƙanina da abokai biyu sun ce za su kama min a ƙarshen mako.

Ga tsarin da ke raina. In ɗaura doguwar katako a jikin gida da noti, in jera 2x10, wato katakai masu kaurin inci 2 da faɗin inci 10, daga gare ta kowane inci 16, ɗaya ƙarshen ya hau bim, wato babban katakon da ke kwance yana ɗauke da su, a kan ginshiƙai huɗu. Ina son sanin ko dole ne sai na karɓi takardar izini tunda a filina ne kuma ni zan yi da kaina, da zurfin ramin da ya kamata in haƙa. Sai maganar falankin sama: katako mai maganin hana ruɓewa ko na robar nan irin su Trex? Matata na robar take so, ni kuwa ina kallon aljihu. Kuma ina da tunanin nan gaba in yi rumfa a rabinsa saboda rana.

Abu ɗaya da ban san ko yana da tasiri ba: ɓangaren kicin ya turo waje kamar ƙafa biyu fiye da bangon ƙasa, babu komai a ƙarƙashinsa. A ƙasan wurin kuma akwai tagar ɗakin yara da injin sanyaya gida. Na gode, Allah ya saka.

Injiniya Ɗan Zazzau, Sent Pol:

Wa alaikumus salam Baban Sadiq. Allah ya sanya albarka a karatun yaro, ya nuna mana ranar lafiya.

Girman bai ba ni tsoro ba. Abin da ya tsayar da ni shi ne ɓangaren kicin ɗin nan da ya turo waje. Ka ajiye shi a ƙarshen bayaninka, alhali shi ne babbar maganar. Ba a ɗaura dandamali a jikin irin wannan wuri. Katakan daɓen kicin ɗinka sun riga sun zarce bango, suna ɗauke da kansu, da bangon sama, wani lokaci har da wani kaso na rufi. Don wannan kaɗai aka lissafa su. Ka ƙara musu taron mutum hamsin, babu sufeton da zai sa maka hannu, kuma da gaskiyarsa.

Bari mu yi lissafin tare ka ga abin da nake nufi. Dokar ginin gidajen zama tana ɗaukar laba 40 na mutane da kaya a kowace ƙafa murabba'i ta dandamali, sai a ƙara laba 10 na nauyin katakon kansa. Naka 16 sau 28, ƙafa murabba'i 448 ke nan. Sau 50, laba 22,400, wato tan goma da 'yan kai. A tsarin da ka zana, kusan rabin wannan nauyi yana rataye ne a kan notocin da ke cikin katako guda ɗaya. Shi ya sa mafi munin ruftawar dandamali daga jikin gida take farawa. Ginshiƙan waje suna nan tsaye, gefen gidan ne ke ɓallewa, mutane su zame zuwa bango, komai ya biyo su.

Kuma ranar taro abin ke faruwa, domin ita ce ranar da aka gwada aikin da gaske. A 29 ga Yuni 2003, a unguwar Lincoln Park ta Shikago, barandar katako ta rufta da mutane ana tsakiyar biki, mutum 13 suka rasu, daga baya aka gano ba da izini aka gina ta ba. A Yunin 2015 a Berkeley ta Kalifoniya wata baranda ta ɓalle, matasa shida suka rasu a ranar, dalili kuwa ruwa ne ya shiga katakan da ke ɗauke da ita suka ruɓe daga ciki. Ba don in tsorata ka na kawo su ba. Kai da bakinka ka ce don taro za ka yi, to dole mu gina shi don taro.

Shawarata ka bar gidan ya huta. Ka yi dandamalin ya tsaya da ƙafafunsa, bim biyu, kowanne a kan ginshiƙai biyar na 6x6, tazarar ƙafa bakwai-bakwai. Bim na ciki ya zauna ƙafa biyu da rabi daga gida, na waje ƙafa biyu da rabi daga ƙarshe, tsakaninsu ƙafa 11. 2x10 ɗinka a inci 16 za su ɗauki wannan da sauƙi. Ni zan haɗa 2x10 uku a kowane bim, amma ka duba teburin da ofishin birni ke bayarwa tare da takardar neman izini. Bim ɗin a kan ginshiƙi yake zama, ko ka yanke masa gurbi ko ka sa hular ƙarfe. Kada ka manna shi a gefe ka dogara da noti. Tunda kuma ba ya riƙe da gida, sai ka sa masa katakan tokare a karkace tsakanin ginshiƙai da bim, ta kowace fuska, don kada ya yi lilo in mutane suka miƙe lokaci ɗaya.

Zurfin rami a kudancin Minesota inci 42 ne, can arewa wajen Duluth inci 60. Dalilin shi ne sanyi yana ratsa ƙasa, ruwan da ke cikin laka ya daskare ya kumbura, ya ɗaga duk abin da ke zaune a kansa. In ya narke kuma ba lallai ya koma daidai inda yake ba. Doka ta ɗan sassauta wa dandamalin da ba ya jingine da gida a kan wannan zurfi, amma kada ka karɓi sassaucin. Ƙofarka ce ke buɗewa a kansa, ba ka son watan Fabrairu ya zo ka ga falanki ya taso ya tokare bakin ƙofa.

Faɗin gindin ramin ma lissafi ne. Kowane ginshiƙi na tsakiya zai ɗauki ƙafa murabba'i 56, sau 50, laba 2,800. In ba a gwada ƙasarka ba, ana ɗaukar laka tana iya laba 1,500 a ƙafa murabba'i, sai ka samu gindi mai faɗin kusan inci 19. To bututun kwalin nan na inci 10 da mutane ke saye su zuba kankare shi kaɗai bai isa ba, sai ka buɗe ƙasan ramin. Kuma duk ramin da ya faɗo cikin ƙafa biyar daga bangon gida, ka kai shi zurfin fandishon gidan, domin ƙasar wurin ciko ce da aka mayar bayan gini, ba ta da ƙarfin ta asali.

Izini kuwa dole ne. Wanda ake yafe wa shi ne wanda bai wuce inci 30 daga ƙasa ba kuma ba ya haɗe da gida. Naka inci 60 ne. Mai gida yana da damar karɓar izini da sunansa ya yi aikin da kansa a gidan da yake zaune. Za su nemi zane, da taswirar fili mai nuna tazara daga iyakar maƙwabci. Sufeto zai zo ya ga ramukan kafin a zuba kankare, ya dawo ya ga ƙashin aikin, sannan ya zo na ƙarshe. Kada ka ɗauke shi a matsayin mai kawo cikas, injiniya ne aka ba ka a kan ɗan kuɗi kaɗan.

Kafin ka soka shebur, ka kira 811, lambar masu nuna inda aka binne wayoyi da bututu a ƙasa, a nan Gopher State One Call ne ke amsawa. Kyauta ne. Ka ba su aƙalla kwana biyu na aiki, ka zagaye wurin da farin fenti. Za su kafa tutoci: ja wuta, ruwan ɗorawa gas, ruwan lemo wayar sadarwa, shuɗi ruwa. Amma layin da mai gidan na farko ya binne da kansa, kamar bututun ban-ruwan ciyawa ko wutar da ta tafi sito, ba za su nuna maka ba.

Hajiya Maman Ikram, Kolombus:

Sannu da ƙoƙari Baban Sadiq. Injiniya ya gama da ƙasa, ni kuma a sama zan tsaya, domin mu ne muke sharewa da wankewa.

Ina bayan maman Sadiq a kan na roba, amma da sharaɗi. Namu na farko katako ne mai magani. Duk bayan shekara biyu ko uku sai maigida ya wanke shi ya shafa mai, in ya yi jinkiri ya fara fidda sartse. Yaranmu ba sa yawo da takalmi a gida, baƙinmu ma a bakin ƙofa suke cire nasu, to kullum ina cikin cire sartse da allura. Ka tuna naka ƙafa murabba'i 448 ne kamar yadda Injiniya ya lissafa, shafa wa wannan mai ba aikin yamma ɗaya ba ne. Araha ba ta ado, abin da ka rage yau za ka biya shi da ƙarshen makonninka.

Sharaɗin shi ne launi. Kada ku bari kyan mai duhu ya ruɗe ku a shago. Maƙwabciyata ta sa mai ruwan ƙasa mai duhu, da azahar a watan Yuli ba ya takuwa da ƙafa. Mu mun sa mai ruwan toka mai haske, shi ma yana ɗumi amma ana iya tsayawa, in ka shimfiɗa darduma ka yi sallarka lafiya lau. Ku karɓo 'yan guntayen da suke bayarwa na gwaji, ku ajiye su a bayan gidanku a rana, ku taka da ƙafa ku ji kafin ku biya.

Maganar makari, dokar da na sani ita ce tsayinsa ya kai inci 36, tazarar sanduna kuma kada ta bar ƙwallo mai inci 4 ta wuce, don kan jariri. Ni dai roƙona sandunan su zama a tsaye. Waɗanda ake yi a kwance suna da kyau a hoto, amma tsani ne ka kafa wa yara. Kuma kada ka jera benci a jikin makarin, yaro ya hau benci makarin ya koma masa iya gwiwa. A saman matakala ka sa 'yar ƙofa mai sakata.

Na san gidajenmu, babu taro sai an gasa nama. Garwashi ɗaya in ya faɗo a kan na roba zai narkar da wurin, tabon kuma ba ya fita. Man tsire ma in ba a goge da wuri ba yana kamawa. In bangon gidanka na roba ne, zafin murhu kaɗai yana lanƙwasa shi.

Wata magana mai muhimmanci: tsohon dandamalin da za ka rushe, kada ko guntunsa ya shiga wuta, balle wutar gashi. Kafin ƙarshen 2003 maganin da ake dafa katakon gidaje da shi yana da gubar arsenik, kuma naka in tun zamanin mai gidan na farko ne, to shi ne. Hayaƙin da tokar duk guba ne. Ka sa safar hannu, ka tambayi masu kwasar shara inda ake kai shi.

Amma tsakani da Allah, da ni ce, da na rage shi zuwa 16 da 16, in shimfiɗa dutse a ƙasa don sauran jama'a. Taro sau nawa ne a shekara?

Malam Kafinta, Kawo Kaduna:

Salamu alaikum. Ni ban taɓa zuwa ƙasarku ba, amma katako sana'ata ce tun ina yaro, shi ya sa na kasa wucewa.

Alhaji, tambayata ita ce me ya hana ka zuba kankare ka huta? A nan in mutum yana son wurin zama a tsakar gida, bulo za a jera, a cika da jar ƙasa, a daddaɓe, a zuba kankare, a sa tayil. Jikokinsa za su gada. Katako a waje kuwa, ko maɗaci ne, tsakanin gara da ruwan Agusta da zafin Maris ba ya kai labari sai an yi ta binsa da baƙin mai.

In dai katakon za ka yi, ga abin da hannu ya koya min. Kafin ka haƙa rami ko ɗaya, ka ja igiya ka fitar da kusurwa. Ka auna ƙafa 6 a gefe ɗaya, ƙafa 8 a ɗayan, tsakaninsu ya ba ka 10 daidai. Sannan ka auna daga kusurwa zuwa kusurwa ta ɓangarorin biyu, su zo ɗaya. In ka kuskure a igiya, har falankin ƙarshe kana biyan bashin. Na biyu, babu katakon da yake miƙe sak. Ka ɗaga kowanne ka kalle shi ta tsawonsa da ido ɗaya, za ka ga yana da ɗan doro. Ka sa alama, duk doron ya kalli sama, nauyi zai miƙar da shi. Wanda ya karkace da yawa ka yanka shi don guntaye. Kuma ka je da kanka ka zaɓa, kada ka bari a loda maka abin da aka ga dama.

Allah ya ba da sa'a, ya raya Sadiq.

Baban Sadiq, Brooklyn Park:

Amin, na gode ƙwarai da gaske. Injiniya, na fita da fitila na duba ƙarƙashin kicin ɗin. Tsohon dandamalin a jikin wurin da ya turo aka manna shi, da ƙusa kawai, babu noti ko ɗaya, babu kwanon kare ruwa. Katakon gidan da ke bayansa ya yi baƙi, na soka sukundireba ya shiga a wuri guda. To wannan sai an gyara kafin komai. Na karɓi shawarar ya tsaya da ƙafafunsa.

Malam, ranka ya daɗe, kankare shi ne abin da zuciyata ta fara kawowa. Matsalar tsayin ne. Kafin in cika ƙafa biyar da ƙasa sai na toshe tagogin ɗakunan ƙasa, ga bangon riƙe cikon da zai ci kuɗin da ya fi na katakon. Tayil kuma a waje a nan ba ya jimawa, ruwa ya shiga ƙarƙashinsa ya daskare ya ɓamɓare shi. Gara ba ta cika damunmu a nan ba, danshi ne abokin gabar. Maganar igiya da doron katako na rubuta ta a littafin aikin.

Hajiya, na karanta wa maman Sadiq jawabinki, ta ce a gaishe ki. Za mu karɓo guntayen gwajin. Amma rage girman ne ban yarda ba, kuma ba don taurin kai ba. In na raba wurin biyu, na san yadda za ta kaya: dattawa a sama, samari a ƙasa, abinci yana hawa yana sauka a hannun yara. Ni so nake a zauna a shimfiɗa ɗaya, yaro ya ji hirar manya. 'Ya'yanmu a nan ba su da zaure, ba su da ƙofar gida, ina za su koyi zama da mutane in ba mu yi musu wurin ba? Sannan ba don ranar taro kaɗai ba ne. Hajiyarmu tana son tafiya kaɗan-kaɗan bayan la'asar, ƙafa 28 a miƙe ba tare da matakala ba ya ishe ta zuwa da dawowa tana riƙe da makari. Abin da zan ɗauka daga shawararki shi ne wurin gashi: a ƙasa zan yi shi, a kan dutse, nesa da bango.

Injiniya, saura rumfar, da tagar yara, da matakala.

Injiniya Ɗan Zazzau, Sent Pol:

Madalla da ka duba. Wannan baƙin katakon a cire shi a sa sabo, a rufe da kwano yadda ruwa zai zubo waje, sannan ka bar ɗan rata tsakanin sabon dandamalin da bango don iska ta ratsa.

Rumfa ka yanke shawararta yanzu, ba nan gaba ba. Rufi a Minesota yana tara dusar ƙanƙara, duk nauyin kuma ta ginshiƙai yake sauka zuwa ramukan da ka riga ka zuba. Ƙara faɗin rami yau buhun siminti kaɗan ne. Bayan an rufe falanki kuwa sai an tayar da aiki. In kana da niyyar rufi na gaske, ka faɗa wa ofishin tun a zanen farko, wataƙila su nemi sa hannun injiniya mai lasisi. In inuwa kawai kake so, babbar laima ko tamfol da za ka naɗe a watan Oktoba ta wadatar, ba ta shiga lissafi.

Tagar ɗakin yara, in ita ce hanyar tsira daga gobara, dole ta riƙa buɗuwa gaba ɗaya, kuma a samu hanya a ƙarƙashin dandamalin mai tsayin aƙalla inci 36 har zuwa fili. Da tsayinka za ka samu, amma ka lura kada bim na ciki ko katakon tokare ya gitta gabanta, kuma kada wurin ya koma ma'ajiyar kekuna. Injin sanyaya gida sama yake hura zafi, ba zai yi aiki daidai a ƙarƙashin falanki ba. Ka kira mai sana'ar ya matsar da shi gefen gida.

Matakala: doka ta ce tsayin kowane taki kada ya wuce inci 7¾, faɗin wurin taka ƙafa aƙalla inci 10. Inci 60 ɗinka in ka raba 8 zai ba ka bakwai da rabi, ya halatta. Amma saboda Hajiya ka raba 9, kowanne ya zama inci shida da kashi biyu cikin uku, gwiwa za ta ji bambancin. Duk takun su zo daidai da juna, bambanci kaɗan ke sa tuntuɓe. Mariƙi tsakanin inci 34 da 38, wanda hannu zai iya damƙa, ka sa ta gefe biyu. Faɗi inci 36 ne mafi ƙaranci, ni zan yi 48 tunda za a riƙa wucewa da tire. Ka sa fitila.

A wurin sayen kaya, ka karanta 'yar takardar da ke manne a ƙarshen kowane katako. Mai UC4A shi ne na taɓa ƙasa, shi za ka saya wa ginshiƙai da katakan gefen matakala. Ka duba irin itacen ma, domin 2x10 na itacen fain ɗin kudu yana iya ratsa ƙafa 14 tsakanin bim da bim in an jera shi kowane inci 16, na jan fain kuwa 13. Maganin katakon yanzu jan ƙarfe ne ya yi yawa a cikinsa, yana cinye ƙusa ta gama-gari. Duk ƙusa, noti da ƙarfen rataya, wato ƙarfen da ke riƙe bakin katako a jikin wani, su zama galbanayiz mai kauri ko marar tsatsa, kuma kowane ramin ƙarfen rataya ka cika shi da ƙusar da kamfanin ya ce. Sukurun silin ba ya shiga wannan aiki ko kaɗan, karyewa yake yi. Duk inda ka yanka, ka shafa maganin a bakin yankan.

Ginshiƙan makari su ne inda masu yi da kansu suka fi faɗuwa a gaban sufeto. Ana so saman makarin ya jure turin laba 200. Kada ka rage kaurin 4x4 ɗin da yanka, ka ɗaure shi da noti biyu masu ratsawa, ka ƙarfafa bayansa da guntaye ko ƙarfen ja. Ranar walima duk wanda bai samu wurin zama ba a nan zai jingina.

Baban Sadiq, Brooklyn Park:

Allah ya saka da alheri, Injiniya. Rufin na gaske na ajiye shi, laima za mu saya. Na sake zanen: bim biyu, ginshiƙai goma, matakala mai taki tara a gefen gareji, faɗi inci 48. Na matsar da ginshiƙi ɗaya don ya kauce wa tagar yara, tazarar wurin ta koma ƙafa takwas, zan nuna wa mai duba zanen ya faɗa min ko gindin ramin yana buƙatar ƙari. Ranar Litinin in sha Allahu zan kai takardun ofishin birni, in sun amince sai in kira 811.

Tambaya ta ƙarshe a yanzu, ga waɗanda ke yankin nan. Filina laka ce mai ɗanko da duwatsu a ciki. Injin haƙa na haya mai mutum biyu zai iya rami goma masu wannan zurfi, ko gara in biya mai ƙaramar katafila ya zo ya huda su rana ɗaya? Ƙofar shingena faɗinta inci 40 ne, ban so in cire shingen in ba dole ba.